Yadda Na Raba Mela da Tsaki

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya bambanta harsunan bayinsa kuma yake jin kowannensu ba tare da tafinta ba.

Na zo New York a ƙarshen shekarun tamanin, bayan na ajiye aiki a kwalejin horon malamai inda na daɗe ina koyar da Larabci da Turanci. Babban ɗana yana aiki a wani ofishin jakadanci, shi ya kawo mu ni da mahaifiyarsa, ya kama mana ɗakuna biyu a titin Grand Concourse. Zama ba aiki bai karɓe ni ba. Saboda haka da wata ƙungiyar taimakon 'yan gudun hijira ta nemi wanda ya san Larabci da Turanci don ya koyar da wasu Kurdawa da yaƙi ya koro daga duwatsun ƙasarsu, na amsa tun kafin in san ina ne ƙasar tasu.

Ajin yana ɗakin ƙasa na wani gini kusa da unguwar Parkchester, ƙarƙashin bututun ɗumama gida. Sau uku a mako nakan hau bas da hantsi in je. Ɗalibaina manya ne, maza da mata, suna kirana Mamosta, wato malam da Kurdanci. Ba su fara karatu sai an sha shayi a ƙananan kofunan gilashi, kowa da ƙwayar sukari a bakinsa, yana kurɓa ta kanta. Babbansu wani dattijo ne mai furfura da suke kira Mela, kalmarsu ta malamin addini. Ya yi nahawu da fiƙihu a ƙauyensu kamar yadda na yi a zaurukan garinmu, don haka da Larabcin littafi muke magana, irin wanda samarin ajin ke cewa tun kakannin kakanninsu aka daina ciniki da shi.

Mela yana da buƙata guda, kowa a ajin ya san ta. Mahaifiyarsa tana can ƙauye, ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Takardar gudun hijira da ke hannunsa ba ta isa ta ratsa da shi iyakokin da ke tsakaninsu ba. Sai fasfo, fasfo kuma sai wanda ya zama ɗan ƙasa, zama ɗan ƙasa kuwa sai an zauna gaban jami'i an amsa tambayoyi da Turanci.

A makon farko na rubuta jimla a allo, na juyo na tambaye shi ko ya gane. Ya ɗaga haɓa, ya ɗaga gira, ya ja mini tsaki.

Alli ya kusa faɗuwa daga hannuna. Tun da na zama mutum ba wanda ya taɓa yi mini tsaki a fuska. Na danne, na ci gaba. A darasi na gaba matarsa, wadda ke zama a kujerar gaba da saƙarta, ita ma ta yi. Kafin mako ya ƙare kusan duk ajin sun yi mini. Na koma gida na ce wa uwargidana zan bar aikin nan. Ta ce, "Malam, mutanen da suke tashi tsaye in ka shigo, su miƙo maka shayi da hannu biyu, su ne za su raina ka? Ka tambaya mana."

Na tambaya. Bayan darasi na tsayar da Mela na ce, "Ya ɗan'uwana, idan na saɓa maka a wani abu, ka faɗa mini in nemi gafararka. Amma tsakin nan ya yi mini nauyi."

Ya ce, "Wane abu?"

Na kwaikwaya masa, ina jin kunyar bakina.

Ya dube ni. "Mamosta, wannan ai a'a ce. Ka ce na gane? Na ce a'a. Ko so kake in yi maka ƙarya?"

Na bayyana masa cewa a wurinmu da wannan sautin ake nuna wa mutum bai kai komai ba, kuma yaron da ya yi wa babba, ranar sai ya gane kurensa. Fuskarsa ta sauya. Ya kama hannuna zai sumbata, na janye, ya sake kamawa. Matarsa ta tambayi abin da ya faru, ya fassara mata, ta ajiye saƙa ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ya gaya mini: shekara arba'in yana yi mata haka safe da yamma, ashe da Bahaushiya ce da tuni ta tattara kayanta.

Daga ranar zuciyata ta huce. A nan kuma na yi kuskuren da ya fi na farko girma. Da na daina jin zafin tsakin, sai na daina jin sa gaba ɗaya. Shekaru muna tare, muna karanta sunayen jihohi da rassan gwamnati, ina tambaya yana tsaki, ni kuma ina karɓa a matsayin amsa cikakkiya.

Ranar gwajinsa ta zo, ya tafi da kwat ɗin da surukinsa ya ara masa. Da azahar ya iso ajin, ya zauna bai taɓa shayi ba. Ya ce tambayoyin tarihi duk ya amsa. Amma da jami'ar ta shiga jerin nan na ko ka taɓa yin kaza, ko ka taɓa yin kaza, ya amsa mata kowace da gaskiya, ita kuwa sai maimaitawa take yi, daga baya ta rubuta cewa bai fahimci Turanci ba.

Na ce, "Yaya ka amsa?"

Ya ɗaga haɓa. Bai ƙarasa ba, ya tsaya, muka dubi juna.

Jami'ar ba ta da laifi, abin da kunnenta bai ji ba hannunta ba zai rubuta ba. Laifin na malaminsa ne, na kuma faɗa masa haka a gaban kowa. An ba shi dama ta biyu bayan 'yan makonni. Idan ta kuɓuce sai a koma farko, a sake jira mai tsawo, tsohuwa kuwa ba wanda ya san kwanakin da suka rage mata.

Na yi ta tunanin yadda za a raba dattijo da abin da harshensa ke yi kafin hankalinsa ya iso. Hani bai yi aiki ba. In na ce kada ka yi, sai ya ce to, tambaya ta gaba ya yi. Wata safiya a cikin bas ina gwada sautin a ɓoye, sai na lura cewa inda kan harshe ke zama don tsakinsu, nan ne mafitar harafin nun, bayan haƙoran sama. Na shiga aji da sauri na ce, "Mela, ka yi tajwidi?"

Ya ce, "Kafin a haife ka."

"Na girme ka da shekara biyu."

"To kafin ka yi gemu."

Na ce masa harshensa ba ya ɓata hanya, yana zuwa daidai wurin. Abin da ya rage, idan ya isa can kada ya fizge shi, ya riƙe, ya saki gunna ta hanci kamar mai karatu, sannan ya zagaye leɓɓa, a'a ta Turanci ta fito. Ya gwada. "Nnno." Ya ja nun ɗin har samari suka ce Mela zai fara kiran salla.

Muka mai da shi aikin kowane darasi. Ajin duka suka zama jami'ai. Wani ya ce da Turancinsa mai ɗingishi, ka taɓa satar akuya? "Nno." Ka taɓa yin barci a huɗuba? Ya ce wannan tambayar ba ta cikin takarda. Matarsa ta ce, ka taɓa yaba girkina? Ya buɗe baki ya rufe, ajin ya kece da dariya. Ni ma ban tsira ba. Ta sa aka gaya mini cewa tunda yau ranar gyaran harshe ce, in daina cewa "fassfort", don leɓɓana ba su taɓa haɗuwa a kan harafin P ba. Na gwada sau uku, suka yi mini afuwa.

Ranar gwaji na biyu na raka shi. Na zauna a zauren jira da carbina, ina roƙon Allah kada sakacina ya zama sanadin raba uwa da ɗanta. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya miƙo mini takardar sakamako. Na karanta sau biyu, na ga ya ci, sannan na rungume shi a gaban mutane, abin da ba ɗabi'ata ba ce.

Da bazara fasfo ya fito, ya tafi. Wata biyu kujerarsa ba kowa. Ya dawo ya rame, ya yi duhu, da kaset a aljihu. Ya sami mahaifiyarsa da rai. Ya ce ta shafa fuskarsa da tafukanta, ta yi masa faɗa kan furfurar da ya tara ba da saninta ba. Aka samo rediyo mai kaset aka kunna. Muryar tsohuwar ce, siririya, tana tsayawa ta huta. Mela ya ce a wannan ɓangaren addu'a take yi mini, ni malamin da ba ta sani ba, daga ƙasar da ba ta iya faɗin sunanta ba. Ya fara fassara mini, na ce ya bari. Duk inda ta numfasa na ce amin, ajin suka taya ni, har kaset ɗin ya kai ƙarshe.