Sai Taya Ta Kwana

Kawu Salvu ba ya taɓa taya da tafin hannu. Bayan hannu yake ɗora mata, yadda uwa ke duba goshin yaro mai zazzaɓi. Na daɗe ina ganin haka kafin in gane dalili. Shekarun da ya yi yana aiki a injin sukari sun kashe masa fatar tafi, ba ya jin ɗumi da ita sai abin ya kai ga ƙuna. Na tambayi mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ta ce ita ba ta taɓa lura ba.

Sunansa Salvu Mifsud. Kakansa ya zo garin Mackay daga ƙasar Malta don saran rake, ubansa ya sayi gona, shi kuma ya ƙi gonar ya shiga injin yana gyaran ƙarafa har ya yi ritaya. Motarsa tsohuwar Torana ce ruwan lemo, ta girme ni. Duk ƙarshen makon da aka buɗe filin tseren motoci da ke bayan gonakin rake, yana can. Mota biyu su jeru, fitila ta yi kore, a miƙe rubu'in mil, shi ke nan. Tun ina firamare abu ɗaya yake nema: ya gama cikin ƙasa da sakan goma. Ya sha kusantarsa, bai taɓa tsallakawa ba.

Ba mai yawan magana ba ne, sai a kan taya. Tayoyin baya na tsere ba su da zane, sumul suke, ga taushi har farce na shiga. Kafin kowane tashi direba kan tsayar da motar a kan ruwan da aka watsa, ya murza su a wuri ɗaya har hayaƙi ya turnuƙe, don su yi zafi su kama ƙasa. A kan wannan ba a gardama. Gardamar a kan sabuwar taya take. Wasu sun ce ka ɗan tsawaita murzawar farko, ka tafi abinka. Kawu Salvu ya ce a'a. Sabuwar taya sai a gasa ta sau ɗaya, a yi tafiya guda a hankali, a ɗage motar a kan jak, a rufe tayoyin da tsohon bargo a inuwa, kada a sake taɓa su sai washegari. Ya ce roba kamar burodi ce, wanda ya yanka ta da zafinta ya ɓata ta. Haka ya yi wa kowace taya da ya taɓa saya.

A bara likita ya saurari zuciyarsa ya ce tsere ya ƙare. Kawu ya roƙa aka bar masa zuwa ƙarshen kakar tseren. Ya sayar da motar ga wani mutum daga garin Townsville, aka yi da shi zai zo ya ɗauka ranar Litinin bayan taron Oktoba. Don wannan taron na ƙarshe ya yi odar sababbin tayoyi, da niyyar ya gasa su tun a taron da ya gabace shi. Suka makale a hanya. Ba su iso ba sai ranar Juma'a, har an rufe gwajin motoci na ranar.

Na dawo gida hutu lokacin, sai na bi su filin, shi da matarsa Anti Beryl. Ni aikina riƙe lema da miƙa sifana.

Safiyar Asabar ta zo da iskar kudu, mai sanyi, busasshiya, irin wadda ba a saba gani a Oktoba ba. Injin mota na son irin wannan iska, yana ƙara ƙarfi a cikinta. Rediyo kuma ta ce gobe iskar za ta juya arewa, da zafi da danshin teku. Kowa a filin ya ji.

Kawu ya ɗaura sababbin tayoyin, ya murza su sosai, ya yi tafiyarsa guda kamar mai zuwa kasuwa. Ya dawo rumfa ya ɗage motar, ya ɗauko barguna.

Neville Brandt, wanda rumfarsa ke maƙwabtaka da tamu shekara da shekaru, ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Tsoho, me nake gani? Ba dai kwantar da su za ka yi ba?"

"Wa kake ce wa tsoho? Kai da haƙoranka ke kwana a kofi?"

"To haƙorana su kwana, tayarka ta kwana, wa zai yi tseren? Salvu, shaƙi iskar nan. Shaƙa mana! Ko injin yankan ciyawa ka sa a layi yau sai ya ba ka mamaki."

"Je ka sa naka, ai da ma shi kake tuƙawa."

Neville ya juyo wurina. "Ke 'yar jami'a, ba kimiyyar haɗe-haɗe kike karantawa ba? Gaya wa kawunki gaskiya."

Na ce, iya abin da na karanta, zafin farko yana sauya roba, kuma idan ta huce a hankali takan fi daɗewa. Amma ga taya mai taushi irin wannan, da yawa sun ce murzawar farko ta wadatar.

"To ka ji," in ji Neville.

"To ka ji," in ji Kawu.

Anti Beryl tana yanka albasa a bakin tebur. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Salvu, yarinyar ta ce don ta daɗe. Ta daɗe wa wa? Jibi za a zo a ja motar nan."

Neville ya kalli cikin kofinsa.

Kawu ya gyara bakin bargon ya cusa shi ƙarƙashin tayar. "Ita tayar ba ta san an sayar ba," ya ce.

"Kai dai ka sani."

"Na sani, Beryl. Idan na fita yanzu ta zame, zan ce don ban bar ta ta kwana ba ne, kuma ba ni da wata Asabar da zan gyara. Gobe in na rasa, na rasa da taya mai kyau."

"In ka samu yau fa?" in ji Neville.

Kawu ya jawo kujera ya zauna yana fuskantar layi.

Nan ya wuni. Iskar ba ta sauya ba har la'asar. Motoci suna tashi biyu-biyu, allon da ke ƙarshen layi yana nuna lokaci, ana ta ihu a rumfuna. Mutane da dama sun yi gudun da ba su taɓa yi ba a ranar, har da Neville, wanda ya dawo ya wuce ta bayan rumfarmu maimakon ta gaba. Sau biyu na ga Kawu ya miƙe ya je gefen motar. Karo na farko ya tsaya kawai. Karo na biyu ya kama hannun jak ɗin, ya riƙe shi ɗan lokaci, ya saki, ya koma ya ci soseji da burodi.

Lahadi ta zo yadda rediyo ta faɗa. Tun da hantsi riga ke manne wa baya. Kawu ya yaye bargunan, ya ninke su, ya auna iskar tayoyin, ya sauke motar. Ya sa rigar tsere da hular kwano, Anti Beryl ta ja masa zif ɗin wuya kamar yadda take yi kullum.

Tayoyin sun kama. Wannan kowa ya gani. Fitila na yin kore ƙafafun gaba suka ɗaga sama, gefen tayoyin baya ya yamutse, motar ta tafi miƙe sak ba ko karkata. Neville, da ke tsaye kusa da ni a bakin shinge, ya ce bai taɓa ganin Toranar ta tashi haka ba. Amma daga tsakiyar layi sautin injin ya yi nauyi, kamar mai gudu da mura. Allo ya nuna sakan goma da kashi shida cikin ɗari na sakan.

Ya sake fita bayan azahar, rana ta ƙara zafi, lokacin ya ƙara lalacewa. Wata matashiya mai mota ƙirar Falcon ta riga shi, aka fitar da shi daga gasar.

Ya dawo rumfa ya cire hular, gashinsa ya jiƙe sharkaf. Neville ya zo ya tsaya yana sosa wuya.

"Jiya da ka samu," ya ce.

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba."

"Ka ga tashin nan kuwa?"

"Na gani, ɗan banza. Na gani."

"To wannan tayar da ta kwana ce."

Ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Babu yadda za a gwada, tunda Asabar ɗin ta wuce. Anti Beryl ta miƙa masa ruwan sanyi da ƙwayar maganinsa.

Muka ɗora motar a ƙaramar tirelar da ake ja da mota, muka ɗaure. A hanya babu wanda ya kunna rediyo, sai manyan motocin rake da muke ta wucewa. Da muka isa gida ya ja tirelar da baya ya shigar da ita gareji, sau ɗaya, bai gyara ba. Ya wanke hannu a famfon waje. Sannan ya ɗauki bokitin hatsi ya nufi bayan gida, don kaji ba su ci komai ba tun safe.