Na Yi wa 'Yata Ƙaryar Ciwo Don Mu Je Kallon Duwatsu

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce a Gummi, uwar 'ya'ya huɗu, mai ganin kanta wayayya. Wayar salula ma ba ta iso garinmu ba. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai gero da dawa Agadas ta ƙasar Nijar, kuma duk dawowa sai ya cika mana kunne da labarin duwatsun Azbin, da lambunan dabino da rumman da ke gindinsu. Wata rana na gaji, na ce ko dai ya kai mu mu gani, ko ya daina ja mana rai. Sai ya ce to, a bari a yi hutun makaranta.

Matsalar ita ce a wajenmu ba a tafiya haka kawai. Mutum yakan bar gari don fatauci, ko karatu, ko ta'aziyya, ko aikin Hajji, ko neman magani. Da na je yi wa surukata bankwana, wadda duk muke kira Inna, tambayar farko da ta yi mini ita ce wa ya rasu a Agadas. Na buɗe baki zan ce kallon duwatsu za mu, sai kunya ta rufe ni. Nan na tuna maigida ya taɓa ambaton wani ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa a cikin duwatsun, ana wanka da shi don magani. Babbar 'yata kuwa tana da ɗan kyasbi a wuya, wanda ko ita ta manta da shi. Sai na ce ita za mu kai ta yi wanka saboda fatarta. Inna ta yi addu'a, na fito ina jin na yi dabara. A lokacin an riga an kawo kayan sa ranar yarinyar, da wani yaron unguwarmu da take so tun suna makarantar allo.

Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗin tafiyar nan. Wani Buzu abokin maigida ya ɗauke mu daga Agadas a tsohuwar motarsa har cikin duwatsun. Mun sha shayi mai ɗaci, mun ci cuku, yara suka ɓata rigunansu da rumman. 'Yata ce kan gaba wajen hawa, tana ƙwala kiran ƙannenta dutse yana maimaita mata. Ni da na shekara ina zana wa yara dutse da alli a allo, da na tsaya a sama na hango ƙasa, sai da na yi hawaye. Ruwan zafin kuwa ko hanyarsa ba mu bi ba.

Muna dawowa aka fara shigowa ana tambayar ya mai jiki. Ashe kyasbin da na bari a bakin Inna ya zaga gari ya girma, ya zama kuturta. Cewa ake yi ciwon da za a tsallake asibitin Sakkwato a kai shi wata ƙasa ai ba ƙarami ba ne. Ƙawayen yarinyar suka daina sa hannu a kwano ɗaya da ita. Sai ga gwaggon yaron ta zo, aka kawo mata ruwa ta ƙi sha. Na zauna na faɗa mata gaskiya tsirararta, cewa kallo kawai muka je. Matar nan ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wane mai hankali zai kwashi iyali ya ƙetare iyaka don kallon dutse, in dutse ne ba ga Kwatarkwashi nan ba. Na ɗauko hotuna, ta ce marasa lafiya ma ai suna ɗaukar hoto. Ƙaryata kowa ya yarda da ita, gaskiyata ko mutum ɗaya bai saya ba.

Daga ƙarshe ta kawo sharaɗi: a shiga ɗaki da yarinyar, ita da wasu tsofaffi, ta tuɓe su duba jikinta. Maigida ya ce a yi a wuce wurin, ni ma har na fara lallashinta. Yarinyar ta ce ba za ta tuɓe wa kowa ba, in wanda ya san ta tun ƙuruciya sai an duba masa ita kamar akuya a kasuwa, to a mayar musu da kayansu. Na dube ta, na ji kunyar kaina. Da hannuna na fito da kayan na ajiye a zaure. Yaron bai ko aiko ba.

'Yata ta daɗe ba ta sake mini fuska ba. Ranar da ta yi magana, tambaya ɗaya ta yi, me ya sa ban ce gwiwata ke ciwo ba, sai jikinta na zaɓa. Wannan ce nadamata har yau. Amma masu cewa alhakin yawon banza ne ya kama mu, su ci gaba da faɗi. Allah ne ya yi duwatsun nan, kuma ban ga laifin mai zuwa ganinsu ba. Ina gargaɗin iyaye: in za ku yi abin da ba haram ba, ku faɗe shi da sunansa, kada ku ari jikin ɗanku ku rufe kunyarku.

'Yata ta yi aure a Anka daga baya, ga wanda bai nemi a duba masa komai ba. Da muka sake shirin komawa Azbin, gida gida na bi ina bankwana. Inna ta sake tambaya ko lafiya. Na ce lafiya ƙalau, kallon duwatsu za mu.