Yatsu biyu a gaban Inna

Ni ce 'yar farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini. In za ta aike ni, murhu take kallo tana magana, in za ta ba ni abu sai ta ajiye a ƙasa in ɗauka. A ƙauyukanmu na kwarin Tarka haka ake yi, kunyar ɗan fari ce, kuma macen da ta tsaya tana kallon ɗanta na fari a gaban mutane sai ta zama abin hira a bakin rijiya. Kakata ce ta goye ni. Ƙarya ne in ce abin bai taɓa yi mini zafi ba, amma na taso na tarar da shi, na kuma saba.

Duk son da Inna ta ɓoye mini sai ta tara shi ta juye wa autanmu. Shi kam har ya yi gemu tana ajiye masa ƙanzon tuwo. Aikinsa shayar da dabbobin mutane. Wanda bai san rijiyoyin Damargu ba ba zai gane zurfinsu ba: raƙumi ke jan igiyar guga, sai ya yi nisa har ya ƙanƙance a ido kafin gugan ya iso baki. Wata bazara Inna ta kai masa fura da hantsi. Guga ya cika ya kusa fitowa, igiya ta tsinke daga can wajen raƙumin, ta dawo da gudu ta naɗe masa ƙafa ta ja shi cikin rijiya. Inna tana tsaye da ƙwarya a hannu, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Sai washegari aka iya fito da shi.

A zaman makoki kowa ya yaba haƙurinta. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ba, ana yi mata gaisuwa tana amsawa. Ƙanwata da ke aure a garin ita ta fara lura Inna ba ta shan ruwa. In an miƙa mata moɗa sai ta kau da kai, hannunta ya kama rawa. Ta koma yin taimama alhali randa cike take a tsakar gida. Da ƙanwata ta matsa mata, sai ta ce duk ruwan da ta leƙa shi take gani yana tafiya ƙasa, tana kuma jin ƙarar igiyar. Nono take sha, da kunu mai kauri, da kankana in ana samu. Malamai sun yi rubutu, to rubutu ma ai ruwa ne, sai dai a dama a fura a ɓoye mata. An yi turare, an yi sadaka. Inna dai tana bushewa a gabanmu, leɓenta duk ya tsage.

Ni a Tanut nake, ina koyarwa a makarantar firamare. Maigidana majo ne a gidan likita, wato babban ma'aikacin jinya, mutum mai sanyin magana wanda sau da yawa sanyin nasa ke sa ni tafasa. A shekarar ne aka tura shi Damagaram wani horo, sitaj suke cewa. Ya dawo yana ba ni labarin wani magani na mutanen da mugun abin da suka gani ya ƙi barinsu. Ba allura, ba ƙwaya. Mutum zai zauna a gabanka ya kawo abin a ransa, kai kuma ka ɗaga yatsu biyu kana kai su dama kana kai su hagu, shi yana bi da ido kansa na tsaye. Sai ka dakata ka tambaye shi abin da ya zo masa, ya faɗa, ku sake. Ya ce ba mantawa ake yi ba, amma abin yakan daina ƙuna, ya koma can baya inda ya kamata ya zauna.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa ashe gwamnati ta biya masa mota da masauki ne don ya koyo wasan da ake yi wa kyanwa. Amma da idona na ga wani direba da ya yi haɗari a hanyar Agadas, wanda ko kusa da tasha ba ya iya bi, yana zuwa wajensa mako-mako, har ranar da ya tsaya a ƙofar gidanmu da motarsa ya sauke mana buhun albasa. Daga ranar na daina dariya. Na ce a ɗauko Inna.

Mun ɗauko ta daga Belbeji da sunan za a duba mata jini. Abin da ni da shi ba mu tsaya mun tuna ba, duk da karatunmu, shi ne cewa shi surukinta ne, kuma mijin 'yar fari. Tun da muka yi aure Inna ba ta taɓa cin abinci yana cikin gida ba. In zai gaishe ta, tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa, ita ma nata a ƙasa, su yi ta gaisuwa da tabarma. To mutum biyu kowa na kallon ƙasa, wai su za su yi maganin da sai da ido.

Ranar farko ya shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi ya zauna nesa kaɗan, ya yi mata bayani a hankali. Da ya ɗaga yatsunsa, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Ta juya wajen bango ta ce a gaya wa Malam ya wahalar da kansa, Allah ya saka. Shi ke nan zaman ya tashi.

Ya ce akwai wata hanya, a riƙa ɗan taɓa gwiwoyin mutum ko tafin hannunsa, dama da hagu. Bai rufe baki ba na tambaye shi ko kansa ɗaya. Ya ce to ita da kanta ta rungume ƙirjinta ta riƙa bubbuga kafaɗunta. Na kai mata wannan, ta ce ita ba yarinya ba ce da za ta zauna tana gaɗa a gidan suruki.

Sai na kawo tawa dabarar, ina ta jin kaina. Ya koma bayan zana inda ba za su ga juna ba, na ɗaura jan ƙyalle a kan dogon kara na ba shi, yana kaɗawa ta sama. Kaji suka watse, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko tsuntsaye muke kora. Abin mamaki Inna ta bi ƙyallen da ido. Na ce a raina an samu. Ya dakata, ya yi tambaya daga bayan zanan.

"Inna, me ya zo miki?"

"Lafiya lau."

"Ko a jikinki, akwai inda kika ji wani abu?"

"Babu komai, sai godiyar Allah."

Hawaye na bin kumatunta, yatsun ƙafarta sun ƙanƙame tabarma, amma babu komai. Mace irin Inna ba ta buɗe cikinta a gaban suruki ko da wuta ke ci a ciki. Aka sake, amsar ɗaya. Maigidana ya ajiye karan. Daga baya ya ce mini ba zai ƙara ba, don bai ga idonta ba, bai ji gaskiyar abin da ke ranta ba, kuma tono irin wannan abu a bar shi a buɗe ya fi barinsa a rufe muni. Na san gaskiya ya faɗa, na kuma yi masa faɗa duk da haka. Na ce ya warkar da direban da bai haɗa komai da shi ba, ga uwar matarsa tana mutuwa da ƙishirwa a gidansa. Ya ce akwai wata mace da suka yi horon tare. Muka nema, aka ce an mayar da ita Yamai. Inna da aka sha fama kafin ta yarda da tafiyar Tanut, wa zai kai ta Yamai?

Zafi ya tsananta. Rannan ta tashi za ta zaga sai jiri ya kwashe ta. Dole aka yi mata ƙarin ruwa a gida. Ta kwanta ta fuskanci bango, ta lulluɓe tun daga kai har ƙafa, ta miƙo hannu ɗaya ta ƙarƙashin mayafi. Shi kuma ya nemi jijiya yana kallon hannun kawai kamar ba na kowa ba. Na rufe ledar ruwan da zane don kada ta gani. Ina tsaye ina kallonsu, ban san wanda zan ji wa haushi ba. Ita tana da gaskiya a wajenta, shi ma haka, ga magani a yatsun mutum a cikin ɗaki ɗaya da mai ciwo, ni kuma babu abin da na iya sai riƙe zane.

Bayan kwanaki, da azahar, maigidana ya tafi aiki, yara suna makarantar allo. Ina tsince shinkafa a bakin ɗaki sai na ji muryarta.

"Ke. Ƙishirwa nake ji."

Na tashi zan ɗauko nono. Ta ce ba nono ba, ruwa take so, ruwa mai sanyi na randa, ta gaji. Sannan ta ce tana kallon bango, "Abin yatsan nan na maigidanki. Kin iya?"

Ban iya ba. Sau da yawa ya gaya mini ba aikin ɗan'uwa ba ne, ba kuma na wanda bai koya ba. Amma tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa roƙona komai ba. Na ajiye faifan na zauna a gabanta, gwiwata kusa da tata. Na ɗaga yatsu biyu. Ta sauke mayafin a hankali ta ɗago kai.

Ranar na fara ganin idon uwata sosai, ina da 'ya'ya huɗu. Ashe ba baƙi ba ne wuluk yadda nake zato, da ɗan ja-ja a ciki, kuma akwai ƙaramin tabo a farin na hagu. Na kai yatsu dama ta bi, na kai hagu ta bi. Na ji numfashinta ya fara sauka. Ina addu'a a zuci, ina cewa Allah ka sa, Allah ka sa. Sai a wani zuwan, yatsuna suka wuce, idonta bai bi su ba. Ya tsaya a fuskata. Ta kalle ni, ta daɗe tana kallo, har hannuna ya gaji a sama na sauke.

"Ashe idon auta ne da ke," ta ce. "Har girar."

Ta sa tafin hannu ta rufe fuskarta, jikinta ya ɗauki irin rawar da yake yi in an miƙa mata moɗa. Na kira ta, ta ce in tashi daga gabanta don Allah. Na tashi. Na koma bayan ɗaki na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fito da shi.

Washegari ta ce a mayar da ita gida, kuma ba wanda ya iya hana ta. Da na ba maigidana labari bai yi mini faɗa ba, ya dai daɗe yana kallon hannunsa.

Inna tana nan da rai. Ƙanwata ke kula da ita, da nono da kunu da kankana, in bazara ta yi tsanani a kira ma'aikacin jinyar ƙauyen ya yi mata ƙarin ruwa. Har yau taimama take yi. Maigidana yana ci gaba da aikinsa, mutane suna zuwa daga Olelewa, daga Tenhiya, wasu suna samun sauƙi, ina jin godiyarsu daga cikin gida. Duk hutun makaranta nakan shiga motar kasuwa in je in gan ta. Ƙanwata takan tare ni tun a zaure ta karɓi kayana, ta rage murya.

"Yaya, ki rufe fuska da mayafinki kafin ki shiga. Jiya ta samu barci."

Sai in ja shi har haɓa, in yi sallama.