Masarar Layi na Bakwai

Wata Juma'a, a daminar da na shiga aji huɗu, na ga babban mutum yana tauna masara idonsa na kawo ruwa. Malam Bitrus ne, malamin gona na gwamnati, zaune a kan tabarma a zaurenmu na Mayo Gwoi. A lokacin ƙuduji, wato wuta-wuta, ya cinye gonarmu, furensa ya rufe ƙasa, masara ta tsaya iya gwiwa, har mahaifinmu, da muke kira Baffa, ya fara maganar sayar da ita. Malam Bitrus ya roƙi gefe guda, ya shuka iri goma da masu bincike suka aiko, kowane layi da turkensa da lambarsa. Mu yara muka samu aikin korar awaki, muna buga gwangwani, muna tsere tsakanin turakan. Layi na bakwai kaɗai ya yi kore shar, ya ɗauki goyo bibbiyu.

Inna ba ruwanta da wani gwaji. Abin da ta sani, a gidanmu mafi kyau ake ba baƙo. Da ta ji Malam zai zo, ta aike ni da kwando in karyo masarar da ta fi kyau. Ni kuwa sarkin zumuɗi na kwashe layi na bakwai kaf. Ta gasa, ta dafa, har maƙwabta suka samu. Sai da ya ci biyu ya tambayi daga ina, na faɗa masa ina washe baki. Ya dubi Baffa, ya ce, "Baba, wannan masara ba na ci ba ne, na awo ne. Shekara ɗaya ya tafi." Baffa ya ɗauko tsumagiya, Malam ya riƙe masa hannu, ya ce yarinya ta tabbatar da rabin aikin, tunda ita ma ta gane wanda ya fi.

Ya sake shukawa damina uku a jere, yana zuwa cikin taɓo da ma'auninsa. Daga ƙarshe rumbu ya cika, Baffa ya rataye irin a saman murhu, maganar sayar da gona ta mutu. Irin ya bi hannu zuwa Sintali da Abbare. Da tuwonsa na yi makaranta.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji masu manyan riguna suna cewa bincike ɓarnar kuɗin gwamnati ne, wai ba a gani a ƙasa. A ina za su gani, bayan sun cinye shi a kwano? Ofishin Malam Bitrus yau jemagu ke kwana a ciki, ma'aunin ya yi tsatsa. Da ya yi ritaya ba a turo kowa ba.

Damina biyu ke nan wata tsutsa tana cin zuciyar masarar yayana Hammadu, wanda gonar ta koma hannunsa. Ya rasa wanda zai tambaya, sai mai sayar da magani a kasuwa, kwalba ko suna babu. Watan jiya ya sayar da gonar, an fara kafa turakan fuloti. Na je na tsaya daidai inda layi na bakwai yake. Su ma waɗannan turakan da lambobinsu, amma babu abin da za a shuka a gindinsu.