Manyan kadojin ƙoramar Yangoji

Akwai abin da nake so a ce ban taɓa yi ba: kashe manyan kadojin wata ƙorama a bayan Yangoji.

Shekarun baya na zo Abuja neman aikin lebura, ban samu ba, sai na sauka wajen wani abokina Bagwari mai noman doya. A bayan gonarsa akwai ƙorama mai gurbi mai zurfi, wanda ko da rani ba ya ƙafewa. Da hantsi za ka ga kadoji kwance a kan yashi, baki buɗe. Wani baduku ya ce min yana sayen fatarsu. Ni kuwa ɗan masunta ne, na iya ƙugiya.

Ka'idar gidanmu ita ce a ɗauki babban kifi, a mayar da ƙarami ruwa. Haka na yi wa kada. Manya kawai nake kashewa, har ina ganin kaina mai tausayi.

Ranar da na jawo mafi girmansu, mahaifiyar abokina ta tsaya a kaina da itace a kafaɗa.

"Malam, wannan uwa ne fa. Wa zai tsare ƙwai?"

"Mama, ai na bar yaran, za su girma."

"Kai da ka girma, kai kaɗai ka yi girman?"

Na yi dariya, na ci gaba da fiɗa.

Daga baya na fara ganin guza yana tone ƙwai a yashi, babu mai korarsa. Ƙananan suka riƙa raguwa har na daina ganin ko ɗaya. Sannan gurbin ya cike da yashi, matan ƙauyen suka koma ɗebo ruwa daga nesa.

Abokina ya ce manyan kadojin ne ke haƙa gurbin, ni na kashe wa ƙauyen ruwa. Ɗana da ya yi boko ya ce a'a, tifofin yashi ne da gine-gine. Na rasa wa zan yarda da shi. Abin da ya fi ɗaure min kai, ka'idar da ta ciyar da mahaifina lafiya, yaya aka yi ta zama ɓarna a hannuna?

Tsohuwar ta rasu ban nemi gafararta ba. Don Allah, in kun sauka a wurin da ba naku ba, ku saurari masu wurin kafin ku taɓa abin da ke cikin ruwansu.