Takalman Yayana

Shekara shida yayana ya yi a yaƙin Nasara. Ina budurwa anka kama shi soja, ya komo ina goye da ɗiyata ta fari. Ya komo da Faransanci a baki, da takalma masu nauyi waɗanda ake jin tafiyarsu tun daga bakin rijiya.

Shekaran nan fara ta cinye Adar. Abin da ya rage muna a ƙauyenmu, can bayan Buza, rumbu guda ne na iri, wanda gari duka ya tara. Sai ga dogarai, wai sarki ya ce a kwashe shi a kai ma sojan kwamandan Nasara.

Tsofaffi sunka taru gindin gawo. Kawunmu ya ce ma yayana, "Kai da ka yi magana da Nasara ido da ido, kai za ka tafi ka roƙa muna sarki."

Innarmu ta ce, "Kai wannan, bar takalman nan gida."

Ya yi dariya. "Inna, da su na tsaya gaban janar, bai kore ni ba."

Mijina ya raka shi, a bakinsa na ji sauran. A wurinmu mai roƙo tun daga ƙofa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi magana ta bakin bafade. Yayana ya shiga da nasa har bakin shimfiɗa, ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara masa irin na soja, ya dubi sarki cikin ido. Girmamawar da anka koya masa ke nan, kuma da zuciya ɗaya ya yi ta.

Sarki ya juya ga bafade ya ce, "Wanga ɗan wa ne? Gidansu ba a haihuwa da gwiwa?"

Fada ta ɗauki dariya. Maganar iri ko fara ta ba a yi ba.

Bayan kwana uku raƙuma sunka zo, sunka kwashe rumbun. Ruwa ya sauka da kyau, ba abin shukawa. Munka ci anza, ɗiyan icen daji masu ɗaci, har nonona ya ƙafe. Ɗiyata ba ta ga lokacin kaka ba.

Yayana shi ya gina kabarin, ya hana kowa taɓa haƙar. Da anka rufe ta, ya zauna nan ya kwance takalman, ya bar su. Ban taɓa ce masa laifinka ne ba. Ban kuma ce masa ba laifinka ba ne, shi ne abin da ke cina har yau. Da ƙafa tsirara ya taka duwatsun Adar har Allah ya karɓi abinsa.