Baba da Ɗan Leƙen Asirin Koriya

Shekarar da Baba ya karye a ƙafa, a ita ya fara kallon fim. Kafin nan, in ya tarar da mu mun haɗa kai a kan waya, sai ya ce marar aikin yi ne kaɗai ke zama yana kallon ƙarya da idonsa biyu. Ya fi shekara arba'in yana tuƙa jirgin ruwa, yana kwasar mutane da buhunan shinkafa tsakanin Yelwa da ƙauyukan tsallake, ruwa bai taɓa yi masa komai ba. Ɗan acaɓa ne ya kwashe shi a bakin kasuwa wata rana da hantsi. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar, ya ce kada ya kuskura ya taka ta sai bayan wata biyu.

Kwana bakwai kacal ya yi a kwance ya ishi kowa. Miya ta yi gishiri, tabarma ta yi tauri, kaji sun cika kuka. Ina koyarwa a firamare, gidan aurena kuma ba nisa, don haka kullum aka tashi sai in biyo in rage wa Inna wahala. Wata rana na kunna masa wa'azi a wayata, na tafi taya Inna juya banda. Da na dawo sai na ji ƙarar bindiga daga ɗakinsa. Ashe yatsansa ya taɓa wani fim mai fassarar Hausa da maigidana ya zuba mini. Ga Baba nan ya kai wayar dab da hancinsa.

"Malama," haka yake kirana in yana cikin raha, "waɗanga 'yan Sin, mi ya haɗa su faɗa?"

"Ba 'yan Sin ba ne, Baba, 'yan Koriya ne. Ƙasa ɗaya ce aka raba biyu, kudu da arewa."

"Harshensu ɗaya?"

"Ɗaya ne."

"To ashe rigimar gida ce. Mai da muna shi farko."

Labarin ba shi da wuya. An aiki wani ɗan leƙen asirin kudu ya kashe takwaransa na arewa. Suka yi ta farautar juna cikin birane, a mota, a kan rufin gidaje. Daga ƙarshe suka kama kokawa a ƙaramin jirgi a teku, na arewan ya faɗa ruwa da rauni a kafaɗa. Na kudun ya tsaya yana kallonsa, can sai ya miƙa hannu ya jawo shi. Saboda haka manyansa suka kira shi maci amana, suka harbe shi a bakin gaɓa.

Na kawo masa wasu finafinan bayan wannan, bai ko kai tsakiyarsu ba. Wannan ɗin dai yake so. Ya ce yaron, wato na kudun, ba shi da surutu, in an buge shi yana jin zafi kamar kowa, in ya yi gudu yana haki. Abin da ya fi burge shi ma ba faɗan ba ne. Akwai inda ɗan leƙen asirin ya ɓuya a gidan wata tsohuwa, ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya rusuna, ya karɓi kwano da hannu biyu. Duk sanda aka zo wurin sai Baba ya kira Inna.

"Zo ki gani. Wanga yaro ɗan gidan mutunci ne."

Amma in aka zo kan ruwa, nan Baba ke zama malami. Ya ce ba a jawo mutum ta gefen ƙaramin jirgi, kifewa zai yi da su duka, ta baya ake ɗauko shi. Injin da ya sha ruwa haka kuma ba ya tashi da ja ɗaya, ko wane ne ya ƙera shi. Ya ce da sun tambayi kowane mai jirgi a bakin ruwan Yelwa, da ba su ji wannan kunyar ba.

Akwai amininsa, tsohon soja, Kirista ne daga wajen Ngaski, muna ce masa Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Kullum bayan la'asar yakan zo duba ƙafar, Baba ya tilasta masa kallo. Da aka gama Kawu ya ce yaron ya yi laifi, wanda aka ba umarni ba shi da zaɓi. Suka kwashe kwanaki suna wannan gardama, har Inna ta daina leƙowa in ta ji murya ta tashi.

A cikin gardamar ne na ji labarin da ban taɓa ji ba. Baba ya ce wata damina, yana dawowa ta tsakanin tsibirai, ya hangi mutum maƙale da kwale-kwalen da ya kife. Shi ne wanda ya sace wa yayan Baba taru, tarun ma ne ya nannaɗe masa ƙafafu.

"Ka gane shi kafin ka ɗauko shi?" in ji Kawu.

"Tun daga nesa."

"Sai ka yafe masa?"

"Wa ya ce? Na jira ya amayar da ruwan da ya sha, na ba shi kunu, sannan na kai shi gaban Sarkin Ruwa. Amma a cikin ruwa ba a yi wa mutum shari'a."

Kawu ya ce shi Baba ba shi da oga a kansa, shi ya sa. Bai taɓa sauka daga ra'ayinsa ba. Sai dai na lura in an kusa harbin yakan tashi ya ce zai zaga. Baba kuwa miƙo mini wayar yake yi, ya ce idonsa ya gaji.

Ƙafar ta warke da ɗan ɗingishi. Bai koma tuƙi ba, yayana ya karɓi jirgin, shi kuma ya samu wurin zama a gindin wata bishiya a bakin ruwa. Wata Asabar na je sayen kifi, na tarar da masu jirgi sun kewaye shi yana ba su labarin fim ɗin, har da kwaikwayon naushi da sandarsa. Na tsaya daga baya ina saurare. Da ya zo ƙarshe sai na ji ya ce yaran biyu sun juya jirgi sun ɓace, suka sauka wani tsibiri, suka kama sana'ar kamun kifi, kowa ya yi aure.

Da mutane suka watse na ce, "Baba, ai ba haka aka yi ba."

Ya harare ni. "Su da suka yi fim ɗin sau nawa suka kalle shi? Na fi su sanin yaron."

Ya karɓi kwandona, ya ɗingisa zuwa wurin masu kifi, ya shiga ɗaga kunnuwan karfasa ɗaya bayan ɗaya yana zaɓar mini masu ja.